Minti Ashirin a Billund

Daga Viseu na taso da jaka guda,
da filaya, da safar hannu, da hoton Graciete.
Kwana ɗari da saba'in, in ji takardar kwangila:
jan waya a cikin hasumiyar iska
a gaɓar Esbjerg, inda rana ke rowar fuskarta.

Ana gobe zan tafi, Belmiro akanta ya riƙe hannuna,
ya ce, "Anselmo, ƙirga kwananka kamar kuɗin aro.
Ɗari da tamanin da uku, nan ne bakin rijiya.
In ka tsaya nan, harajinka na gida ne.
In ka ƙara taki ɗaya,
wata ƙasa za ta miƙo tafin hannunta."

Sai na sayi kalanda mai hoton jiragen ruwa,
na kafa ta bisa gadona, a ɗakinmu mu huɗu.
Kowane dare jan biro, kowane dare layi.
Mirek yana cire takalmi yana dariya:
"Kai ɗan kurkuku ne?"
Na ce ɗan kurkuku ya fi ni kwanciyar rai,
shi alƙali ɗaya ya sani.

Da Oktoba ta kama, teku ta ɗaure fuska.
Kwana goma sha ɗaya jirginmu na ɗaure a gaɓa,
muna shan kofi mai ɗaci,
muna kallon ruwa yana marin dutse.
Ba aiki, ba sisi,
amma kwana ba ya tambayar ko ka ci riba,
biro kuwa bai san hutu ba.

Iska ta lafa. Torben, shugaban aiki, ya dafa kafaɗata:
"Kwana biyu kacal, mu rufe akwatin ƙarshe."
Na ƙirga da yatsu, na sake ƙirgawa da baki.
Ɗari da tamanin da uku cif.
Na tsaya a bakin rijiya ina leƙen ruwanta,
na ce ai leƙe ba faɗawa ba ne.

Na dawo gida da ƙanshin gishiri a rigata.
Muka kira mai gyaran rufi ya duba inda ke yoyo,
muka yi ciniki, muka sa rana.

Ambulan farko ta zo da hatimin ƙasata,
ban yi mamaki ba, uwa ce ke neman rabonta.
Ta biyu ta zo da haruffa masu tsaga a ciki,
aka fassara mini a hankali, kamar labarin rasuwa:
jirgina ya sauka Billund
sha biyu saura minti ashirin na dare.
Ni na fara layina da wayewar gari.
Su sun fara nasu tun ina tsaye ina hamma,
ina jiran jakata ta zagayo a kan bel.

Minti ashirin.
Ban taɓa waya ba, ban ɗaure ƙusa ba,
ko ruwan ƙasar ban kurɓa ba,
amma a littafinsu kwana ne cikakke,
mai kai da ƙafa.

Belmiro ya goge tabarau, ya ce kada in karaya,
akwai yarjejeniya tsakanin ƙasashen biyu,
ba za a yanka akuya ɗaya sau biyu ba.
"Sai dai hukuma da gudu take karɓa,
da rarrafe take mayarwa.
Kawo tikiti, kawo rasit, kawo haƙuri."

Graciete ta danne ambulan biyun da lemo
don kada iskar taga ta kwashe su.
Ta mayar da bokiti ƙarƙashin yoyon
ba ta ce uffan ba.
Ɗis. Ɗis. Shi ma yana nasa ƙirgen.

Jiya Torben ya kira, akwai aiki a watan Afrilu.
Na ce zan zo.
Na ce amma a yankar mini tikitin safe.